Tikitin Gayya

Litinin, bayan la'asar

Badamasi bai dawo ba, shi da autansa Kamilu. Ranar Juma'a suka hau babur zuwa Damari, wajen sunan jaririn da babbar 'yarsa Amatullah ta haifa, a kan Asabar da yamma suna gida. Yau ga Litinin. Waya kuwa tun makon jiya ta koma tocila, ba layi daga nan Mairuwa har Faskari, an ce Sabuwa da Ƙanƙara ma haka.

Na je gidansa na tsaya a zaure. Matarsa Hajaratu, wadda har yau Amarya nake ce mata duk da jikokinta, ta zo bayan labule. Na ce, "Amarya, kin san halin abokina. In ya samu tuwon suna ba ya tashi sai ya ji ana kankare tukunya." Ta yi dariya, irin wadda ake yi wa babba don kada ya ji kunya.

Rabona da riƙe biro haka tun da na ajiye alli. Amma wanda na saba faɗa wa magana shi ne ba ya nan, sai in faɗa wa takarda.

Talata, hantsi

Wani mai kayan miya ya zo daga wajen Sabuwa. Ya ce an yi suna lafiya, kuma sun baro Damari ranar Asabar bayan azahar. Sai dai ba su bi kwalta ta Ɗandume da Funtuwa ba. Yanke suka yi ta daji, wai mai ya yi tsada.

Mai ya yi tsada! Wallahi da yana gabana da na shaƙe shi. Hanyar da ko masu itace sun daina bi. Amma Badamasi ne fa, mutumin da tun muna samari bai taɓa biyan kuɗin tafiya cikakke ba, in kuwa ya biya, ranar abinci ba ya yi masa daɗi.

Shi ya koya mana bin ƙwallo a jirgin ƙasa. Lokacin muna mutuwar son Zakarun Auduga, ƙungiyarmu ta Funtuwa, aljihu wayam, amma duk inda za su buga sai an gan mu: Gusau, Ƙauran Namoda, Zariya, har Kano. Ni da shi, da Mas'udu ɗan 'Yargoje, da marigayi Ɗanliti mai ganga, da wasu da yanzu sai a lahira. Mota ta masu kuɗi ce. Namu shi ne taragon ƙarshe mai bencin katako, wanda in ka sauka sai ka yini kana tafiya kamar agwagwa. Mukan taka da ƙafa daga nan zuwa tasha, Badamasi a gaba, yana yi mana wa'azi a kan ɓarnar sayen shayi alhali ga famfo kyauta.

Laraba, bayan asuba

Shiru.

Alhamis, azahar

Yau barkono ya faɗo mini a rai, har na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Dabarar farko da Badamasi ya ɓullo da ita dako ce. 'Yan kasuwar da ke kai hatsi Zariya ana barin su su sa masu tsaron kaya a wagunu, taragon kaya. Sai ya je tun ana gobe tafiya ya ƙulla da su: mu loda buhuna, mu sauke, su kuma su ce mu yaransu ne. Haka muke isa filin wasa wuya duk ƙaiƙayi, muna susa muna kirari. 'Yan birni suna toshe hanci, mu ko a jikinmu.

Wata rana ya haɗa mu da wagunun busasshen barkono, don shi ne bai da masu tsaro, kuma bai tsaya ya tambayi dalili ba. Daga Funtuwa har Zariya atishawa muke. Ɗanliti ya kasa ganin gangarsa don hawaye. Muka shiga fili ido jajur, hanci na zuba, mutanen Zariya suka ɗauka rigima muka zo nema, suka dare suka bar mana wuri mai inuwa. Muka ci su ɗaya da nema. Har yau Badamasi yana cewa barkonon ne ya ci wasan.

Har yau yana cewa. Na sake karantawa, na bar shi haka.

Asabar, la'asar sakaliya

Matasa sun bi sawu har rafi, sun dawo. Ba babur, ba mutane. Na tambayi babbansu abin da suka gani, ya ce, "Baba, sai dai addu'a," yana kallon ƙasa.

Mai gari ya ce kada kowa ya sake zuwa gonakin yamma. Masara ta bushe a tsaye, tsuntsaye na biki. Gida biyu a layinmu sun loda kaya sun tafi, har da turmi.

Mutanen dajin nan masu ɗauke mutane kuwa, ba zan rubuta sunansu a littafina ba.

Lahadi, yamma

Na bi ta filin makaranta. Ba kowa. Kamilu ne golan ƙauyenmu, in ba shi ba yara ba sa taruwa. Dogo ne kamar ubansa, amma hannunsa a sake yake, wannan kam daga Amarya ya ɗauko.

Bai taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Kafin ya yi wayo jirgi ya daina zuwa, ƙungiyar ma ta watse. In muna labarin da a ƙofar gida yakan ce, "Baba Sha'ibu, yanzu duk wannan wahala a kan ƙungiyar da ba ta taɓa cin kofi ba?" Sai Badamasi ya hau shi da faɗa, wai 'yan gidan kallo ba su san ƙwallo ba, sun san inuwa da fanka. Ni kuwa a raina na san yaron yana da gaskiya. Ba mu taɓa cin kofi ba. Kuma da za a dawo da jirgin gobe da ni ne farkon shiga.

Talata, hantsi

Amarya ta aiko a kira ni. Muryarta ta dushe.

Ta ce, "Malam Sha'ibu, kai ka san shi tun kahin in san shi. Shina iya jure yunwa?"

Na ce mata sosai. Na ba ta labarin zuwanmu Kano, tana amarya ta gaske a lokacin. Ta yi mana dambu cike da kwano don kada mu sayi abincin tasha, a Zariya wajen canjin jirgi muka bar kwanon a kan benci. Muka yi kwana biyu a kan rake. Badamasi ya hana a sayi ko ƙosai, wai kuɗin komawa ne, ya riƙa raba raken gaɓa-gaɓa kamar mai rabon gado, kuma shi ne ya fi kowa ihu a fili.

Ta ce, "Ashe can kwanona ya tahi. Ce min ya yi an sace."

Muka yi dariya ta gaske, mu biyu, labule a tsakani. Sannan ta ce, "Shi Auta ba shi iyawa. Ko azumi sai da lallashi."

Laraba, magariba

Mun yi salla da wuri, kowa ya rufe ƙofa.

Juma'a, bayan masallaci

Liman ya yi addu'a ga waɗanda ba sa nan. Ya jero sunaye, suka yi yawa, har ya koma cewa "da sauransu."

A sahu gurbin Badamasi yana hannun damana. Wani ya tsaya a wurin yau. Bai yi laifi ba, amma na ji haushinsa har aka sallame.

Asabar, hantsi

Ba abin rubutawa. Na gyara keken da ba inda zan je da shi.

Litinin, la'asar

Labari! Direban da ke jigilar Ɗandume ya ce ranar Alhamis wasu mutane sun fito daga daji ta wajen can, ƙafafu duk sun fashe. A cikinsu akwai wani dattijo dogo mai wushirya, ya ce shi ɗan Mairuwa ne. An sa shi a motar masara zuwa Funtuwa.

Na tambaye shi, da saurayi tare da shi? Ya ce shi ma ji ya yi, bai gani ba.

Wushirya. Dogo. Amma tun Alhamis? Daga Funtuwa zuwa nan ai ko da rarrafe ya iso. Ina ya tsaya? Ban faɗa wa Amarya ba, sai na tabbatar. Amma Mairuwa ce, kafin in kai gida har mata sun shiga yi mata barka.

Talata, bayan la'asar

Na yini a Funtuwa. Asibiti, gado-gado. Tashar mota, na tambayi 'yan kamasho da masu shayi. Makarantar da aka zuba mutanen ƙauyuka, aji-aji, ina leƙa fuskokin tsofaffi kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya a kasuwa. Ba shi.

Da na dawo Amarya ta ce, "In ya hito, mi ya hana shi gida?" Na ce wataƙila ba shi ba ne. Ta ce, "Shi ne." Ta yi shara, ta wanke masa riguna, ta jiƙa gero.

Alhamis, azahar

Mas'udu ya zo. Ya bar 'Yargoje tun bara, yana zaune a Ƙanƙara wajen ɗansa, ya ji labari a kasuwa ya biyo motar farko. Ya tsufa fiye da ni, kuma na gaya masa. Ya ce in nemi madubi.

Na faɗa masa duk inda na duba. Ya murza hularsa, sannan ya ce, "Ka je tashar jirgi?"

Na ce me zai kai shi tashar da ba jirgi?

Ya ce, "Sha'ibu, ka manta Gusau?"

Wallahi na manta. Ni da nake ta rubuta barkono da rake, babbar dokar ce ta kwanta mini.

Da muka yi yawa dako ya daina ɗaukar mu, sai Badamasi ya gano cewa in jama'a suka tafi a ƙungiya ana yi musu ragi mai kyau, a yanka musu takarda ɗaya, zuwa da dawowa. Muka sa mata suna tikitin gayya. A aljihunsa take zama, cikin leda, ya manne da fil. Sharaɗinta ɗaya: mai duba tikiti zai ƙirga kawuna, in mutum ɗaya ya ragu takardar ta mutu, kowa sai ya biya nasa cikakke.

A Gusau muka ci su da fenareti ana gab da tashi. Duwatsu suka fara sauka. Muka watse, kowa ya yi ta kansa. A hankali muka tattaru a tasha, ban da Ɗanliti, wanda ashe wani mahauci ya ɓoye shi da gangarsa a bayan rumfa. Jirgi ya zo. Wasu suka ce a shiga, a haɗa a biya. Badamasi ya zauna a kan dandamali ya miƙe ƙafa ya ce ba mu cika ba. Jirgi ya tafi a kan idonmu, muna zagin sa, mun ɗauka maƙo ne kawai. Wataƙila ma rabinsa maƙon ne. Ɗanliti ya ɓullo da safe yana warin nama, ya ga mu duka a zaune, ya fashe da kuka kamar yaro. Daga ranar ta zama doka: in an watse, a haɗu a tashar jirgi, kuma ba mai komawa gida sai an cika.

Mas'udu ya ce, "Shi da ɗa nai suka tahi. In shi kaɗai ya hito, can shike."

Muna ta wannan magana har la'asar ta wuce, motoci sun daina fita. Sai gobe.

Juma'a, bayan la'asar

Yana can.

Ban taka tashar ba tun da aka daina, na sha wuce ta a mota ina kau da kai. Ciyawa ta cinye layin dogo, mata na shanya tattasai a kan dandamali, tagar tikiti a rufe, wasu iyalai sun kafa labulen buhu a baranda. A ƙarshen dandamali, daidai inda taragonmu ke tsayawa, na hango wani tsoho a kan benci da riga wadda ba tasa ba. Mas'udu ya riƙe hannuna.

Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ƙafafunsa a naɗe da tsumma. Masu barandar suka ce su ke ba shi abinci, ba ya magana, ba ya tashi sai salla.

Na yi ta shirya faɗan da zan yi masa a kan mai. Da na isa sai na ce, "Bada." Shi ke nan abin da ya fito.

Ya ɗago ya dube mu. Ya ce, "Kun zo."

Na ce, "Mun zo. Tashi mu je gida, Amarya ta jiƙa gero tun Talata."

Ya ce, "Ba mu cika ba."

Mas'udu ya ce to mu jira tare, ya zauna a hagunsa, na zauna a dama. Muka yi ta kallon layin. Mas'udu ya ɗauko labarin barkono, Badamasi ya ɗan motsa baki. Na ce ko Kamilu yana baya ne, za a sako shi? Na ce ko sun rabu a daji? Ya ci gaba da kallon layin.

Mas'udu ya tsaya zai kwana wajensa. Ni na dawo don kada a ce ni ma na ɓata. Na bi ta bayan gari na shiga gidana, don kada in wuce ƙofar Amarya.

Asabar, azahar, a tasha

Na kawo masa takalmi da rigata. Mas'udu ya tafi neman ruwan zafi, ya bar mu mu biyu, kuma na san da gangan ya yi.

Can Badamasi ya ce, "Ka tuna yadda jirgi ke yin jiniya tun daga wajen gada? Kahin ka gan shi ka ji shi a ƙafarka."

Na ce na tuna.

Ya ce, "Yaron nan ya ce mu bi kwalta. Ya ce shi zai biya man."

Na matso kusa da shi.

Ya ce, "Zazzaɓi ya kama shi a can. Ban samu ruwan da zan yi mishi wanka ba, Sha'ibu. Taimama na yi mishi. Ni kaɗai na yi sallar, masu riƙe da mu suna kallo."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na riƙe kansa a kafaɗata, mu tsofaffi biyu, mata masu tattasai suka kau da fuska. Ashe ba jiran kowa yake ba. Ya san ba mai zuwa. Nan ne kawai wurin da ya sani a duniya inda mutum zai zauna a ce yana da dalilin ƙin zuwa gida.

Ya ce, "In na shiga, bayana za ta duba."

Na ce masa ita ma tana da haƙƙin yi wa ɗanta addu'a da sunan da ya dace. Na ce kullum tana wanke kaya tana ɗora tukunya ta mutum uku. Na ce abubuwa da yawa, wasu da faɗa. Ya ce sai gobe. Na ce yau. Ya ce gobe, don Allah. Zan kwana a nan.

Lahadi, bayan magariba

Mun shigo Mairuwa da hantsi. Mas'udu ya ɗauki shatar Keke Napep mu kaɗai, Badamasi ko kuɗin bai tambaya ba. Na sa aka sauke mu a bakin lungu, amma yara sun gan mu, suka ruga.

A zaure ya tsaya ya dafa bango. Tun da nake da shi ban taɓa shiga gidansa a gabansa ba. Ya ce, "Kai yi sallama."

Na yi. Kafin a amsa tari ya kama shi, kuma ta san tarin. Na ji kwano ya faɗi a tsakar gida, na ji gudunta, ba takalmi. Ta yaye labulen gaba ɗaya, ta manta da ni da Mas'udu, tana ta "Alhamdu lillahi, Malam, alhamdu lillahi, sannu, sannu." Ta taɓa hannun rigarsa kamar mai son ta tabbatar. Sannan ta leƙa ta bayanmu, wajen ƙofa, fuskarta duk haske.

Ta ce, "Ina Auta? Ko shina ajiye babur?"

Badamasi ya sulale ya zauna a ƙasa.

Ni na amsa mata.